Baba Sha'aban, Masinjan da Ya Dawo da Mai Shaida

Kafin rana ta gama fitowa Baba Sha'aban ya riga ya dawo daga masallaci, ya sha kokonsa, ya jingina kekensa a jikin darbejiyar ƙofar gida yana matsa tayoyin da babban yatsa. Jakarsa ta fata, wadda ta tsufa har ta koma baƙa, ita ce ofishinsa. A ciki akwai takardun sammaci, kowace ya naɗe ta a leda saboda ruwa, da biro biyu, da goro ƙwaya ɗaya ko biyu. Daga gida sai kotu. Ya share ɗakin shari'a, ya jera benci, ya karɓi takardun ranar a hannun magatakarda, sannan ya kama hanyar ƙauyuka. Shekara talatin da biyar ke nan yana wannan aiki na masinjan kotu a ƙasar Bagwai, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye shi.

Duk wanda ka tambaya a ƙauyukan da ke bayan dam ɗin Watari, abu ɗaya zai fara gaya maka. Baba Sha'aban bai taɓa miƙa wa mutum sammaci a kasuwa ba, ko a ƙofar masallaci, ko a gaban 'ya'yansa. Can nesa yake ajiye keke, ya taka da ƙafa ya sami mutum a gona. Ya yi masa sannu da aiki, in ya ga fartanya a ajiye ya ɗauka ya taya shi kunya ɗaya. Sai sun zauna a inuwa sannan zai buɗe jaka. Wani manomin albasa ya ce min, "Ni fa sai da ya karanta min takardar sau biyu, ya lissafa min kwanakin da yatsu, ya ce kira ne kawai ba kamu ba. Ya tafi, maƙwabcin gonata ma bai san abin da ya kawo shi ba."

Ni sunana Ramlat, 'yar unguwar Bacirawa ce, kuma ni ce nake rubuta wani wasan kwaikwayo na kotu da ake nunawa a talabijin duk ranar Talata. Na faɗi wannan ne don ku san ba daga nesa nake yabon mutumin nan ba. Kunnena ya ja, kuma ya ja shi da kyau.

Zangonmu na farko ya karɓu, har kaina ya fara kumbura. Abin da mutane suka fi so shi ne wata fitowa da na rubuta. Masinja ya dira a tsakiyar kasuwa da 'yan sanda biyu yana ƙwala kiran sunan wani tsoho mai shaida. A kotu lauya ya tasa tsohon a gaba da tsawa har ya rikice a kan shekara, alƙali ya daki tebur ya ce a kulle shi. Kai, an yi ta tura wannan fitowa a wayoyi. Da za mu fara zango na biyu, labarin ya koma ƙauye, sai muka samu wani tsohon aji a Bagwai muka mayar da shi kotu. Muka roƙi a ba mu wanda zai nuna mana yadda ake jera wurin zama, aka haɗa mu da Baba Sha'aban duk ranar Asabar. A tunaninmu mai jan benci muka samu.

Asabar ɗin farko aikinsa kawai ya yi. Ya jera bencinsa, ya koma gefe yana kallonmu yana tauna goro. A ta biyu, da aka tashi cin abinci, ya zo ya tsuguna ɗan nesa da ni.

"Malama, an ce ke kike rubutawa."

"Ni ce, Baba."

"Har wancan na bara, da aka kulle tsoho?"

Na gyara zama, ina jiran yabo. Na ce, "Ni na rubuta shi daga farko har ƙarshe."

Ya jinjina kai. "To, 'yata, ke kika kore min shaidu."

Dariya na fara yi, na zaci zolaya ce. Da na kalli fuskarsa sai dariyar ta maƙale. Ya ce akwai wata shari'a a gabansu. Bai faɗi suna ba, bai faɗi ƙauye ba. Sunayen da za ku ji a nan daga baya na same su, a bakin mai shari'ar da kanta, kuma da izininta nake rubutawa.

Sunanta Aina'u. Mahaifinta ya ba wani ɗan uwansa aron gona shekaru da yawa da suka wuce, irin aron da ake yi a ƙauye, babu takarda, sai dai a kira maƙwabtan gona su tsaya su gani. Mahaifin ya rasu, wanda aka ba aron ma ya rasu, 'ya'yansa suka ce ai gonar ubansu ce, a ciki suka tashi. Aina'u ita kaɗai ce 'yar da ta rage, mijinta ba shi da lafiya, ga yara biyar, kuma wannan gona ita ce abin da take da shi a duniya. Mutum biyu ne suka rage a raye cikin waɗanda suka tsaya ranar aron. Ɗaya ya zo ya faɗi abin da ya sani. Na biyun, Baba Usaini, tsoho ne da ya haura saba'in, kuma ya kalli fitowar nan tawa a talabijin ɗin mai shayin ƙauyensu. Tun daga ranar, da ya hango keken Baba Sha'aban sai ya shige cikin gonar dawa. Sau biyu alƙali yana ɗage zama saboda shi. A na ukun ya ce sai bayan an cire amfanin gona, kuma shi ne na ƙarshe. In ba ta kawo shaida na biyu ba, za a ba wa waɗanda take ƙara rantsuwa, gona ta tafi.

Wallahi maganar ta shige ni. Amma bakin marubuci ba ya mutuwa da wuri. Na ce, "Baba, ai wasa ne. Kowa ya san wasa ne."

"Ke kika sani. Shi bai taɓa taka kotu ba tun da aka haife shi. Kotun da ya sani ita ce taki."

"To kotu ba ta da ikon sa a kawo shi dole?"

"Tana da shi. Amma wanda aka jawo da ƙarfi, in ya tsaya gaban alƙali kalma uku zai faɗa: ban sani ba. Wa zai shiga cikinsa ya ciro sauran?"

Ranar ban ci abincin ba. Na koma gida na yage fitowa huɗu da na riga na rubuta, na sake su. Sai dai darakta, Abdulrashid, ya ce sam bai san zancen ba. Mutum ne mai son aikinsa, kuma yana da hujja. Ya ce, "Ramlat, masinja ya zauna a gindin bishiya yana hira da tsoho? Wa zai kalla? Mutane zafi suke so. Da sun ga haka za su canja tasha." Muka yi ta musu a gaban kowa. Baba Sha'aban yana gefe, sai ya ce, "Ranka ya daɗe, in tambaye ka. Ka taɓa zama a kotu lokacin da aka ce mutum ya je ya yi alwala ya zo ya rantse?" Abdulrashid ya ce a'a. Baba ya ce, "To ka zo ranar Litinin ka zauna a baya. Ba mai daka tsawa, ba mai dukan tebur. Amma ka gaya min in ka iya haɗiye yawu."

Ya je. Ban san shari'ar wa ya tarar ba, abin da na sani shi ne da ya dawo bai ƙara musu ba. Cewa ya yi, "Kawo takardun nan."

Daga nan Baba Sha'aban ya zama malaminmu, kuma malami mai tsanani. Ya sa ɗan wasan da ke fitowa a masinja ya maimaita sallama sau tara, don ya ce sallamarsa ta yi kama da ta mai neman faɗa. Ya ce ya tuɓe takalmi, ya zauna ƙasa da tsohon, kada ya tsaya a kansa. Ya cire mana lauya mai gashin kai na turawa daga kotun ƙauye, yana tambaya ko biki za shi. Ya sa aka ba tsohon fim benci ya zauna. Da aka tambayi tsohon shekara ya ce bai riƙe ba, amma shekarar da ruwa ya cinye gada ce, alƙalin fim ya rubuta haka ya wuce, don Baba ya ce haka mutanenmu suke riƙe lokaci kuma alƙalai sun san da haka. Aka sallami tsohon ya koma gida ya samu la'asar a jam'i.

Ni kuma da zumuɗi ya kwashe ni, na ce bari in mayar da labarin na aron gona, yadda Baba Usaini zai gane da shi ake. Nan ne kaɗai na ga ransa ya ɓaci. Ya ce, "A'a. Maganar da ke gaban alƙali ba ta shiga fim. Kuma ni ban ce miki gonarta ce ba. Ban san abin da tsohon zai faɗa ba, wataƙila ma ya kayar da ita. Ni dai so nake a ji bakinsa." Na bar labarin yadda yake, a kan rigimar wata akuya da ta ɓata.

An nuna shirin saura kwana tara a koma zama. Abdulrashid bai yi ƙarya ba, wasu sun yi ƙorafi, wani ma ya rubuto mana cewa mun zama wa'azi. Amma ba su canja tasha ba. Kwana biyu bayan haka Baba Sha'aban ya je ƙauyen. Dawa an riga an yanke, babu wurin ɓuya, amma Baba Usaini bai ma yi niyyar tashi ba. Yana zaune a bakin rumbu. Ɗansa, wanda yake wurin, shi ya ba ni yadda suka yi.

"Sha'aban, na ga na bara, na ga na bana. Wanne ne gaskiya?"

"Na bana, Baba. A gabana aka yi shi."

"In na rikice fa? Kaina ba kamar da ba."

"Ka faɗi abin da ka tuna, wanda ka manta ka ce ka manta. Tare za mu shiga, tare za mu fito."

Ranar zaman Baba Usaini ya zo kotu. Aina'u ta ce ya shigo yana dogara sanda. Ya zauna ya ce aro ne, a gabansa aka yi, ya faɗi sunayen duk waɗanda suka tsaya. Sannan ya ƙara abin da ita kanta ba ta sani ba. Ya ce yankin da ke bakin rafi, wajen kunya goma sha biyu, wannan kyauta mahaifinta ya bayar, ba aro ba. Da aka gama bincike kotu ta mayar mata da gonarta, ta bar wa 'yan uwanta bakin rafi. Na tambaye ta ko ta ji haushi. Ta ce, "Haushin me? Da na ci abin da ba nawa ba, ai gara da ya faɗa."

Baba Sha'aban, kai ne ka nuna min cewa abin da nake rubutawa a ɗakina a Bacirawa yana isa har bakin rumbun wani tsoho ya hana shi barci. Kai ne ba ka taɓa karanta littafin koyon rubutun fim ba, amma ka fi mu sanin inda zuciyar mai kallo take tsayawa. Sha'aban mai kai kira ba tare da tozarci ba! Ina alfahari da kai, ina alfahari a ce ƙasarmu ce ta haifi irinka, kuma ba na jin kunyar cewa mafi kyawun abin da na rubuta, kai ka gyara shi.

'Yan uwana marubuta da masu shirya fim, ba na ce kada mu sa zafi a labari ba, da shi muke cin abinci. Amma kafin ku rubuta kotu, ko asibiti, ko ofishin 'yan sanda, ku nemi wanda ya tsufa a ƙofar wurin ku zauna ku saurare shi. Akwai mai kallon da bai san wata kotu ba sai taku. Ku kuma matasan da za ku gaji jakar nan, ku tambayi mutanen ƙauye yadda yake yi, za su koya muku.

Baba Usaini bai ga daminar da ta biyo baya ba. Ya rasu wata huɗu bayan shari'ar, Allah Ya jiƙansa. Mun je ta'aziyya tare da Baba Sha'aban. Muna shirin tashi ɗan marigayin ya riƙe hannunsa ya ce, "Baba ya bar maka saƙo. Ya ce a gaya wa Sha'aban, da ya ƙyale ni a cikin dawar nan, da da gonar marainiya a wuyana zan je gaban Allah." Baba Sha'aban ya ja bakin rawaninsa ya rufe fuska.

Mun gode, Baba. Allah Ya sauke maka naka nauyin kamar yadda ka taimaki wani ya sauke nasa.