Ranar da Na Kai Kyanwar Baba Gumel

Tun da ido ya ƙi Baba, kyanwar nan ce abokiyar hirarsa. Mu 'ya'yansa mukan je mu gaishe shi mu koma gidajenmu, jikoki su shigo su yi hayaniyarsu su fita, ita kuwa tana nan a gefen buzunsa daga hantsi har la'asar. Da hannu yake ganinta, shi ya sa shi ne ya fara gano kumburin da ya fito mata a ƙarƙashin muƙamuƙi. Ya ce da ni, "'Yar nan, taɓa ki ji, wannan ba ƙiba ba ce." Ba a jima ba ta daina ci, ko kan kifi aka ajiye mata sai ta shinshina ta kau da kai. Baba ma ya rage cin tuwo, wai bakinsa ne ba daɗi.

A Ɗanzomo, in ka ce za ka kai kyanwa wurin likita, kallon da za a yi maka na mai taɓin hankali ne. Maigidana yana kan hanyar Damagaram da lodin hatsi, yayana kuma ya ce shi da gemunsa ba zai shiga mota da mage ba. Na ce to, ni ba ni da gemu.

Na san halinta, matsoraciya ce ta ƙarshe, ko murfin tukunya ya faɗi sai ta haye katanga. Don haka na nemo kwando na shimfiɗa tsohuwar rigar Baba a ciki, na ajiye kusa da buzunsa har ta saba shiga da kanta ta kwanta. Ranar tafiya na kifa faifai a kai, na lulluɓe da zane. Ba wani ilimi ba ne wannan. Duk matar da ta taɓa kai jariri rigakafi ta san ba allurar ce ke fara sa shi kuka ba, baƙin fuskoki ne da hayaniya.

A tasha ɗan kamasho ya ce in zuba ta a buhu a jefa but ɗin mota tare da awaki. Buhu kuwa a wurinmu a cikinsa ake sa kyanwa in za a kai ta daji a yar. Na ce masa ya fara shiga buhun in ga yadda ake numfashi a ciki. Na ɗora kwandona a cinya, na zura yatsa ta gefen faifai ina sosa mata kai, har muka isa Gumel ko kuka ɗaya ba ta yi ba. Na shiga adaidaita ina yaba wa kaina.

Likitan yana da shagon maganin dabbobi, da ɗan ɗaki a baya inda yake duba ƙananan dabbobi. Abin da ban lissafa ba shi ne ranar Laraba ce, dillalan shanu sun cika bencin ƙofar shagon suna sayen allurai saboda kasuwar Maigatari ta washegari. Da suka ji abin da ke cikin kwandon, sai dariya. Wani ya tambaya ko ta layya ce. Na haɗiye, don ba wurinsu na zo ba.

Shi likitan ba ni da abin da zan ce da shi sai alheri. Matashi ne mai sanyin murya. Ya wanke hannunsa don kada ta ji warin wasu dabbobi, ya ce kada in fito da ita, in ɗaga faifan kawai. Ya miƙa mata bayan hannu ta shinshina, sannan ya lalubi wuyan a hankali.

"Ƙurji ne, Malama, fasawa za a yi a wanke. Amma sai an rufe ƙofa, kyanwa in ta ga hanya ta tafi."

Ya kai hannu ga ƙyauren ke nan, wani dattijo cikin dillalan ya yi gyaran murya.

"Likita, matar aure ce fa. A bar ƙofar nan yadda take."

Na ce, "Baba Alhaji, na kusa haifar yaron nan. In kuma zargi ake gudu, bismillah, shigo ka zauna a rufe da kai."

Ya ce ɗakin ya yi ƙanƙanta, kuma shi ba ya iya zama inda babu iska. "Ki kwantar da hankalinki. Mu ne ƙofar. Mu da muke kayar da bijimi, mage ce za ta wuce mu?"

Likita ya dube ni, ya dube su. Su ne masu cinikinsa na kowane mako, ni kuwa mai mage ce daga ƙauye. Ya sauke hannunsa daga ƙyauren.

Haka garada suka jeru a bakin ƙofa suka tare haske, kowa da shawararsa. Wannan ya ce a ɗaure ƙafafun, wancan ya ce a danne kan, wayar wani tana ta ruri a aljihu. Ina ji jikinta ya soma rawa a ƙarƙashin tafina, kunnuwa sun kwanta. Na ce don Allah a yi shiru, sai kowa ya shiga gaya wa na kusa da shi ya yi shiru. Da likita ya taɓa ƙurjin ta yi ƙara, sai wani mai son taimako ya faɗo ɗakin ya cafki ƙafafunta na baya kamar zai kayar da rago. Ta yakushe shi, ta yakushe ni, ta dira ƙasa. Masu kayar da bijimi suka tattare riguna suna tsalle, ta bi ta tsakanin ƙafafunsu ta shige kasuwa.

Na yi ta yawo da kwando ina leƙa ƙarƙashin motoci da tsakanin buhunan gero, ina kiranta, mutane suna kallona. Likita ya rufe shagonsa ya taya ni nema har rana ta yi sanyi. Dattijon nan ya same ni ya ce in yi haƙuri, mage ai ba ta da wuyar samu, zai aiko min da biyu. Ban taɓa jin haushi irin na lokacin ba, kuma tarbiyya ta hana ni faɗin abin da ke bakina. Na ji daga baya likitan ya sa wa ɗakin ƙofar raga, a rufe take amma ana ganin na ciki. Madalla da shi, amma a wurina ihu ne bayan hari.

Na isa gida gab da magariba. Baba ya ji takuna tun daga zaure, ya gyara zama, ya matsa ya bar mata wuri, ya miƙo hannu biyu. Na durƙusa na gaya masa duk yadda aka yi, ban rage komai ba. Hannuwan suna nan a miƙe har na gama, sannan ya mai da su cinyarsa.

"An fasa mata ƙurjin?"

"Ba a kai ga fasawa ba, Baba."

Ya gyaɗa kai. "Da a nan ta mutu, da na san inda take."