Ƙarshen Da Kaka Ba Ta Gani Ba

Ina ɗaure buhun gero a bayan babur a kasuwar Gummi aka kira ni a waya. Wani malamin makaranta ne daga Anka, ban san shi ba. Ya ce su 'yan ƙungiya ne masu son wani tsohon wasan kwaikwayo na talabijin, suna bin wuraren da aka ɗauke shi ɗaya bayan ɗaya. Sun gane rijiyar ƙauyenmu da wani dutse mai tsagi da ke bakinta, kuma an gaya masu kakata ce kaɗai ta rage cikin waɗanda suka ga aikin. Ranar Asabar za su zo da wasan gaba ɗaya a waya su nuna mata. Na ce Allah ya kawo su lafiya.

Muna yara, a ƙauyenmu na ƙasar Bukkuyum, in an ci tuwo bayan magariba Kaka kan tura kara a murhu, mu kewaye ta. Ba ta faye yi mana tatsuniyar dabbobi ba. Tata ta Mani ce.

"Ga ta nan," in ji ta, "wadda nig gani da idona."

Tana amarya masu talabijin suka zo ƙauyen suka yi kwana tara, har turminta suka ara. Ba ta taɓa ganin wasan a akwati ba. Abin da ta hango ta saman danga, shi take ba mu, kwana bi kwana. Ranar farko Mani, mai haƙar rijiya a wasan, ƙasa ta rufta masa, aka ɗora shi a makara, mata na kuka. Kashegari sai ga shi a zaure yana shan fura. Ya yi noma, ya yi rigima da maƙwabci kan akuya, ya yi aure, aka bar shi yana dariya a bakin rijiya.

Nakan ce, "Kaka, ba ya mutu ba?"

"Kai, mijin banza, dogon suma ne yay yi. Ni nig ga an ɗauke shi, ni nig ga ya dawo."

Sai da na girma na kalli wasan a wayar wani abokina. Ashe ƙarshen suka fara ɗauka. Mutuwar Mani ita ce kashi na ƙarshe, kuma bai tashi ba. A lokacin dariya na yi, na bar Kaka da tatsuniyarta.

Wata bakwai kafin malamin ya kira ni, 'yan bindiga sun tare motar da Baba ya shiga a hanyar Anka. Wani da ya kuɓuta ya ce ya ga faɗuwarsa. Ba mu sami gawa ba. Dangi suka ce a yi sadaka, Inna ta yarda, Kaka ta hana. Ɗanta ne na fari. Duk wanda ya zo da maganar sai ta ce, "Mani ma an ga faɗuwarshi."

Ranar Asabar suka iso, su huɗu a babur biyu. Rabon da in ga Kaka da kuzari irin haka tun kafin abin ya faru. Ta kama sandarta ta shiga gaba.

"Nan anka aje makara. Nan yash sha fura, damun hannuna, ko kurɓi bai rage ba."

Suka yi ta dariya suna ɗaukar hoto. Sai malamin ya ciro waya. Kaka ta zauna kan dutsen ta gyara lulluɓi.

"Yawwa, ɗana. Sa mani inda yat tashi."

Malamin ya dube ni. Na ce, "Kaka, la'asar ta yi, kin san hanya. Bari su koma da rana." Gaskiya ce na faɗa, amma ba ita ce ta sa na faɗa ba. Ban san me malamin ya gani a fuskata ba. Sai kawai ya tura mani wasan a wayata, suka hau babur.

"To, maigida, kai ka nuna mani," in ji Kaka.

Da ina yaro na ɗauka tatsuniyar tana koya mana kada mu yi saurin yanke ƙauna. Yanzu ina ganin duk abin da ke cikinta Kaka ta gan shi da gaske, jerin ne kawai ya saɓa, kuma a kan jerin nan take tashi da safe ta ci abinci. Ban sani ba ko ina da hakkin gyara mata shi, ko ina da hakkin ɓoye mata.

Sau uku ta tambaye ni. Wasan yana cikin wayata ban nuna mata ba, kuma har yau ba a yi wa Baba sadaka ba.