Anti Danna da Lambar Marigayi

Shekara ashirin da bakwai ta yi tana buga takardu a ofis kafin ta yi ritaya. Zaman gida bai karɓe ta ba, sai ta roƙi wani ɗaki a bayan ɗakin karatu na unguwa, mai benci huɗu da fanka mai ƙara, ta fara koya wa manya sarrafa waya. Ɗalibai suka sa mata Anti Danna, don ba ta da magana sai "danna nan". Cikinsu har da mahauci wanda ɗan yatsansa ya fi harafi faɗi.

Wata Talata da hantsi wata dattijuwar tela ta zo, wata bakwai da rasuwar mijinta. Saƙon murya take so ta iya.

"Iya, wa za mu tura wa na gwaji?"

"Mai gidan. Ai shi ba zai yi min dariya ba."

Layin wayarsa yana jakarta a ƙulle cikin ƙyalle, ta kwance ta nuna. Ta danna, ta gaishe shi, ta ce keken ɗinkin ya koma tsinka zare.

Alamar saƙon ta zama biyu, sannan ta yi shuɗi. An saurara ke nan.

Anti ta ce ƙila kamfani ya ba wani lambar. Ta kira, aka ce a kashe take. Tana sauke wayar daga kunne, sai ga rubutu a saman allon wayar Iya: ana ɗaukar murya. Mahaucin ya tashi ya kashe fanka. Minti goma sha ɗaya suna kallo, babu mai motsi. Sai saƙo ya shigo, daƙiƙa huɗu.

"Kada ki buɗe, Iya," in ji Anti.

"Ke kika ce mu daina tsoron dannawa."

Babu magana a ciki, numfashi ne kawai da ƙarar kujera ana ja a kan siminti. Iya ta saurara sau biyu, ta gyaɗa kai.

"Haka yake jan ta in zai zauna."

Mutum uku ba su sake zuwa ajin ba. Iya kuwa ta cika watanninta na koyo, har ta iya tura hoton ɗinki ga masu kaya. Anti ba ta daina koyarwa ba, sai dai yanzu lambarta take ba kowa na gwaji. Ranar sallama ta ja Iya gefe ta tambaye ta ko har yanzu tana turawa.

"Kullum da safe," ta ce tana gyara jaka. "Shekaranjiya ma ya yi tari."