Ranar da Na Tantance Surukata da Ƙeya

Ko tsufa ya fara kwashe min abubuwa daga ka, ba na jin zai iya ɗauke ranar zaɓen shugaban ƙasa da na yi aiki a ƙauyen su matata.

Lokacin ina koyarwa a wata firamare a Birnin Gwari, sai aka ɗauke mu aikin zaɓe na wucin gadi. Aka tura ni ƙauyen nasu, can gaba da Damari, a bakin daji. A zaɓen baya ba a kai musu akwati ba saboda hanya ba tsaro, kuma mai gari ya ji ƙishin-ƙishin cewa in ba a fito da yawa ba, za a mayar da rumfarsu cikin gari. Tun hantsi layi ya kai bakin rijiya.

Ni ke riƙe da na'urar tantance masu zaɓe. Ka ɗora yatsa, in ta ƙi, a ɗauki hoton fuskarka. Maza suka wuce lafiya. Da aka zo kan mata, wa zan gani a gaba in ba surukata ba! Shekara shida ina auren 'yarta, ban taɓa kallon fuskarta ba. In na je gaisuwa, a bakin ƙofa nake durƙusawa, ita tana amsawa daga bayan labule.

Ta miƙo hannu, kai a kauce. Na'ura ta ƙi. Ɓarar gyaɗa ta cinye zanen yatsun. Muka bi goman nan ɗaya bayan ɗaya, shiru. Na dubi ƙasa na ce, "Inna, sai dai a ɗauki fuska."

Ta ja mayafi ta rufe ruf, ta ce wa ta kusa da ita, "Gaya wa malamin nan, ba da ni ba."

Na ce to a ba wani ya riƙe na'urar. Wakilan jam'iyyu biyu suka yi tsalle, kowa na tsoron maguɗi. Duk yinin nan a kan wannan kaɗai bakinsu ya zo ɗaya. Ga shi Inna ce ungozomar garin. Mata suka fara gyara goyo, wai in ba ta jefa ba su ma gida za su.

Mai gari ya share zufa ya ce, "Malam, kai ne matsalar, ba na'ura ba. Juya mata baya."

Haka na juya, Inna ta yaye mayafi, na ɗaga na'ura ta kan kafaɗa, jama'a na ba ni hanya kamar mai fakin tirela. "Yi dama! A'a, sama kaɗan!" Na farko na ɗauko hular mai gari. Na biyu, akuya. A na uku na'ura ta karɓa, guɗa ta tashi har shanun da ke mashaya suka ɗago kai. Inna ta dangwala, matan gari kaf suka bi bayanta, rumfa ta tsira.

Bayan kwanaki da aka sanar da sakamako a rediyo, ta aiko matata da ƙwaryar ƙuli-ƙuli da saƙo: wanda ta zaɓa ya faɗi, amma a gaishe da malamin, yana da kunya.

Abin da na koya shi ne, doka daga Abuja take tasowa, amma in ta iso ƙauye, sai ta tsaya ta yi sallama kafin a ba ta wuri.