Muryar Inna a Cikin Tsohuwar Saba

Lokacin da abin nan ya same ni, ni budurwa ce mai ji da kanta. Na gama karatun kwamfuta, ina zama a shagon yayana a Samaru, inda muke buga wa ɗalibai takardu. Kullum sai na yi masa tsiya a kan wata tsohuwar saba da ya sayo gwanjo, wato babbar kwamfutar ajiya, wadda ya girke a lungun shago tana gurnani kamar injin markaɗe. Shi dai dariya kawai yake yi. A cikinta ya adana muryar Innarmu. Kafin ta rasu ya yi ta zuwa ƙauyenmu da ke bayan Shika yana naɗar waƙoƙinta na niƙa da na daka, da hirarta, har da faɗan da take yi mana. Ya sha gaya mini cewa faifan ajiya biyu ne a ciki, duk abin da ya shiga ɗaya yana nan a ɗayan, don haka in kwantar da hankalina.

Da shi ma Allah Ya karɓi abinsa bayan gajeriyar jinya, shago ya dawo hannuna. Wallahi kasa buɗe wurin da muryar take na yi. In na kai hannu sai in janye, in ce sai gobe. Sanin tana nan ya ishe ni. Hatta tsohuwar babbar manhajar da ke tuƙa injin, wadda duniya ta daɗe da barinta, ban taɓa ta ba, don hannunsa ne ya jera komai.

Ana nan sai wata fitila ruwan goro ta kama a goshin sabar, ta ƙi mutuwa. Na san a cikin irin wannan inji akwai wani ɗan allo mai ƙwaƙwalwar kansa, aikinsa gadi: shi ke lura da zafi da fanka da lafiyar faifai. Shi ya kunna fitilar, shi kuma zai faɗi abin da ke damun injin. To amma fa tsohuwar manhaja ta ce atafau ba ta san da zamansa ba. Na nema, ba ta gan shi ba. Na sauko da direba, ƙaramar manhajar da ke yi musu tafinta, sabo ya ce shi ba ya shiri da tsoho. Na tono wani tsohon direba da ƙyar, ya zauna lafiya lau, amma mai gadi bai bayyana ba. Na shiga saitin farko na injin, na kashe wannan na kunna wancan, na buɗe murfi na hure ƙura. Kai, har magana na riƙa yi wa injin nan kamar mai lallashin tsohuwa ta sha magani.

Da na gaji, sai na hau mota zuwa Sabon Gari wurin wani injiniya, abokin yayana, wanda tare suka haɗa sabar. Ya saurare ni tsaf, cikin Hausarsa mai haɗe da Turancin buroka ya ce in daina wahalar da kaina, manhajar ta girmi allon, ba za su taɓa fahimtar juna ba, gara a kwashe kayan ciki a sauya ta. Ina jin kalmar sauyawa raina ya ɓaci. Na ce masa shi abu ne mai sauƙi a wurinsa ya goge aikin mamaci. Yana kirana in tsaya, wai akwai wata hanya, ni kuwa na ja mayafina na fice. A hanya ina ba kaina baki cewa ai faifai biyu ne, me zai faru?

Wata safiya na kunna, injin ya yi ƙas-ƙas ya yi shiru. A Keke Napep na loda shi zuwa Sabon Gari, kunya kamar in nutse. Injiniyan nan, bawan Allah, bai yi mini gori ba. Ya juya sabar, ya nuna mini wata kafa ita kaɗai a baya, ya soka waya daga tasa kwamfutar. Nan take mai gadi ya bayyana. Ashe ƙofarsa daban, ba ruwansa da manhaja, abin da ya so gaya mini ke nan ran nan. Faifai na farko ya daɗe da mutuwa, na biyu ne ke ta fama shi kaɗai har ya gaza. Kuma mai gadi bai yi shiru ba, duk tsawon lokacin yana ta aika gargaɗi zuwa adireshin imel na yayana, inda babu mai buɗewa. Nan na zauna a kan benci na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izarsa. An gwada ceto faifan, ba a samu ko tari ɗaya na Inna ba.

Masu karatu, na ɗauka rashin taɓa abin da mamaci ya bari shi ne girmama shi. Ba haka ba ne, abin da ba a dubawa lalacewa yake yi a ɓoye. In tsohuwar manhajarku ta kasa ganin mai gadin injin, kada ku tsaya gardama da ita, ku bi ta ƙofarsa ta baya. Ku sauya adireshin gargaɗi zuwa na mai rai. Kada ku jingina da faifai biyu, ku kwafi abin da kuke so ku ajiye a wani wuri, kuma don Allah ku saurari abin da kuka adana tun yana nan.

Yanzu na yi aure, ina da 'ya mai sunan Inna. In ina lallashinta nakan ɗauko ɗaya daga cikin waƙoƙin niƙan Innarmu, in yi baitin farko lafiya, in zo na biyu sai in tsaya. Yarinyar takan zuba mini ido tana jiran saura, ni kuma ba ni da wanda zan tambaya.