Irmiya da Sabon Yaɓe

Irmiya duba-gari ne a Haɗeja. Daga wajen Kafanchan ya zo a farkon shekarun tamanin, bai san kowa ba, sai Alhaji Shu'ibu dillalin gidaje ya sauke shi a sashen baya na gidansa. A nan Jumai matar Irmiya ta haifi 'ya'yansu duka. Da salla a kai musu tuwo, da Kirsimeti Jumai ta aika da shinkafa cikin gida. Irmiya ba ya kiran Alhaji da komai sai Baba.

Da aka ƙirƙiro Jigawa gidan haya ya yi wuya, ofishinsu ya ce kada a saka kowa a gida sai duba-gari ya gani. Ofis kuwa ba shi da abin hawa. Dillali ne ke ɗauko mai dubawa a babur, shi ke mayar da shi. Wa zai hau bayan mutum ya kushe masa haja? Balle Irmiya, da yake kwana a ƙarƙashin rufin Alhaji.

Na san Irmiya a daminar da ruwa ya ci unguwarmu a Auyo. Na gama jami'a ke nan, ina neman inda zan ajiye mahaifiyata a Haɗeja. Alhaji ya samo mana gida a gangare, wajen fadama, an yi masa sabon yaɓe. Da hantsi ya goyo Irmiya, mu kuma muna tsakar gida da ƙunshin kayanmu, maƙwabta sun leƙo.

Irmiya ya zaga. Ya dafa bangon ɗaki, ya daɗe bai ɗauke hannu ba. Ya ɗaga kai ya dubi azarar da ke riƙe da rufin, sannan ya dawo bakin ƙofa ya tsaya.

"To, likitan masai," in ji Alhaji yana dariya, "ka gama shinshine-shinshinen? Gyatuma ta gaji da tsayuwa."

"Baba, mu ɗan koma zaure."

"Zauren me? Faɗi a nan. Ni ba na ciniki a ɓoye."

Na ga gumi yana bin wuyan Irmiya. Ya san in ya kushe gidan a gaban jama'a ya tozarta mai masaukinsa, kuma ba shi da inda zai kai Jumai da yara a tsakiyar damina. Mahaifiyata ta ɗauki tabarmarta ta nufi ɗakin.

"Inna, dakata." Ya tare ƙofar da hannu. "Baba, ka gafarce ni. Yaɓen nan a kan jiƙaƙƙen bango aka yi shi. Gindin ya sha ruwa, gara ta cinye azara. Ba zan ce a shiga ba."

Alhaji ya matso gabansa.

"Ni za ka mayar maƙaryaci? Kai da na sauka da akwati ɗaya?"

Alhaji ya ture shi ya shiga, ya ɗaga sandarsa ya doki azarar don mu gani. Ya sake doka. Ƙasa ta fara zuba a kan hularsa. Irmiya ya faɗa ciki ya cakumo babbar rigarsa, suka zube tare a tsakar gida, kusurwar rufin ta rufto daidai inda Alhaji ya tsaya.

Alhaji ya tashi ya kakkaɓe jikinsa. Bai dubi kowa ba, ya hau babur shi kaɗai.

Bai ce wa Irmiya ya tashi ba. Ya dai daina amsa gaisuwarsa, aka kuma daina barin yaran Irmiya shiga cikin gida. Kafin kaka Irmiya ya nemi ofis ya mayar da shi garin Guri. Ranar da suka loda kaya ya durƙusa a ƙofar zaure ya yi ta sallama, Alhaji yana ciki, bai fito ba.