Jiƙaƙƙen Buhu a Kan Inbata

Malam Mode mutumin Boɗinga ne. Ya koyi gyaran rediyo tun zamanin da ake jiran akwatin ya ɗumama kafin ya yi magana, ya kuma shekara talatin da huɗu a sana'ar. Da ƙungiyar makiyayan Shagari ta sayi firji mai aiki da hasken rana don ajiye allurar rigakafin ciwon huhun shanu, shi aka ɗora a kai.

Ɗakin da aka sa firjin rufin kwano ne, taga ɗaya. Da bazara ta kankama, sai inbata, na'urar da ke ba firjin wuta, ta riƙa ɗaukewa da azahar saboda zafi.

'Yarsa Juwairiyya, mai karatun injiniya a Sakkwato, ta auna ɗakin, ta zana shi a kwamfuta, ta nuna masa inda zafi ke taruwa: ja wur a jikin na'urar, shuɗi a bakin taga.

"Baba, wanga wuri iska yaka so. A huda bango, a sa hwanka."

Ya yi dariya. "Ke ɗiyag ga, kwamhutarki ta taɓa shan ruwan randa?"

Abin da ake yi wa randa shi ya yi wa inbata: ya jiƙa buhun algarara ya lulluɓe ta. Buhun ya toshe kafofin iska, danshi ya shige ciki. Ran Laraba inbata ta ƙone. Sai Juma'a ya samo kayan gyara, kwalaben allura kuwa suna kwance cikin zafi. Da firjin ya tashi suka sake yin sanyi, ido ba ya gane komai. Mode ya san maganin ya mutu. Amma bai taɓa jin an ce aikinsa ya ɓaci ba, sai ya ja bakinsa ya yi shiru.

Aka yi wa shanun ƙauyen Lambara allurar. Bayan wata huɗu cutar ta shigo. Ubaidullahi, wani makiyayin Lambara mai shanu goma sha tara, ya tashi da shida. Ya zo ya tsuguna a ƙofar ɗakin.

"Malam, mun yi allura, mun yi komi. Ƙaddara ta."

Mode ya faɗa masa duk yadda aka yi. Ubaidullahi ya miƙe, ya kaɗe rigarsa, ya tafi ba sallama.

Shekara uku Mode ya ƙara a duniya. Ranar jana'izarsa babu wanda ya zo daga Lambara.